Akwatin Baffa na Uku

Baoji, bayan sharar kaburbura, 1991

Yaya Lanying,

Ƙaninki Genbao ne ke gaishe ki, jikan ƙanin kakanki, in har ba ki manta da mai manyan kunnuwan nan da kike ja ba. Ina fata ke da mijinki Yaya Dehou da yara kuna lafiya, sanyin Shihezi kuma ya sake ku. Mu nan ƙalau muke, matata Yuzhen tana gaishe ki. Baffa na Uku, mahaifinki, yana nan da ƙarfinsa. Ranar shara shi ya riga mu hawa tudu, ya kuma wanke ni tas wai ban iya zuba ƙasa a kabarin Inna, mahaifiyarki, ba.

Kin san ni da alƙalami ba ma shiri, don haka ba zan yi ta kewaye ba. Rufin kogon da yake zaune a ciki ya tsage.

Bayan tafiyarki ne masana'antarmu ta karɓi kwarin bayan ƙauye. Tsofaffi har yau cewa suke dutse muke fasawa. Ba dutse ba ne, ƙarfe muke haɗawa. Ana kawo fallen baƙin ƙarfe mai kauri, mu goge fuskarsa har mutum ya ga haƙoransa a ciki, mu kwantar da shi a kan yashi. Sai a ɗora masa fallen taitaniyom, farin ƙarfen nan da gishiri ba ya ci, amma ba sa taɓa juna, muna barin 'yar tazarar da ba ta kai kaurin yatsa ba. A kewaye na saman da katako, ni kuma in zuba garin nakiya in baje shi daidai wa daida. In an kunna daga gefe guda, kafin ki ƙifta ido na saman ya faɗa wa na ƙasan da ƙarfin da ko da guduma ba a ƙara raba su. Walda ba ta haɗa waɗannan biyun, sai dai haka. Da su ake ƙera manyan tankunan masana'antun gishiri da na taki.

Duk sanda za mu tayar ana busa jiniya, mutane su buɗe tagogi su buɗe baki, ƙasa ta yi tsalle, shi ke nan. Amma kogon Baffa shi ne na ƙarshe a layin, kuma tudun da aka haƙa shi a ciki shi ne bangon kwarinmu. Tsagar ta taso daga saman ƙofa ta miƙe ciki, ta bi daidai kan gadonsa na ƙasa. Na zura kara, ya shige duka.

Masana'anta ta gina wa masu kogo gidajen bulo a bakin hanya, kowa ya tashi sai shi. Nasa yana jikin nawa, katanga ɗaya ce ta raba mu. Ya ƙi, kuma saboda akwatinsa ne. Akwatin tsawon rai, wato akwatin gawarsa, da aka haɗa masa shekarar da ya cika sittin yana ƙuryar kogon, kin kuwa san ba a motsa shi daga inda aka ajiye sai ranar da mai shi zai shiga. Na ce to ya bar shi a can, ya sauko shi kaɗai. Sai ya ce, "Kai sakarai, ka taɓa ganin wanda ya bar gidansa na gaskiya ya tafi zaman haya?"

Ki rubuto masa, Yaya. Ke kaɗai yake jin maganarki.

Ƙaninki,
Genbao

*

Shihezi, watan huɗu

Genbao,

Na ga wasiƙarka. Ban manta da kai ba, kunnuwan ma ina fata nakiya ta rage maka ko ɗaya. Muna lafiya, sai dai gwiwata, tsayuwar masaƙa ta cinye ta. Dehou yana fama da tarinsa na kullum. Ka gaishe da Yuzhen, ga zabibi nan na haɗo, rabi na Baba ne, kada yaranku su ga bayansa.

Na karanta abin da ka rubuto na sake karantawa, kuma kullum wuri ɗaya idona yake tsayawa: wai katanga ɗaya ce ta raba ku. Bari in tambaye ka kai tsaye, ni ban iya ɓoye-ɓoye ba. Baba ba shi da ɗa namiji. Kai ne za ka fasa tukunya a gaban akwatinsa ranar da za a fita da shi, kuma ko yaron goye ya san mai fasa tukunya shi ke gadon gida. Kogo mai tsaga ba abin gado ba ne. Gidan bulo a bakin hanya, jikin naka, wannan kam abin gado ne. Ban ce haka zuciyarka take ba. Tambaya nake yi.

Kogon nan kakan Baba ne ya haƙa shi. Tun ina yarinya yake tsagewa, duk bazara Inna takan kwaɓa laka da ƙaiƙayi ta shafe, mu ci gaba da barcinmu. Yau kuma sai ya zama abin tashin hankali?

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne wannan. Kai ke zuba nakiyar, kai ke kunna ta, sannan kai ne ke rubuto mini cewa rufi zai faɗo wa ubana. Haba Genbao! To ka daina mana. In ba za ka iya dainawa ba, ka rage garin. Ka ɓata shafi guda kana ba ni labarin yadda ƙarfe ke manne wa ƙarfe, har ina jin alfaharin a cikin rubutun, alhali tsoho yana kwance a ƙarƙashinsa.

Akwatin kuwa kada wanda ya sa masa hannu. Ina gida aka haɗa shi, ni na rufa masa jan yadi. A ranar, Baba shiga ya yi ya kwanta a ciki yana dariya, wai ya fi gadonsa faɗi. Ban taɓa ganin ransa ya yi fari irin na ranar ba. Ba zan rubuta masa in ce ya bar shi ba.

Yayarka,
Lanying

*

Shihezi, watan shida

Genbao,

Ina fata kuna lafiya. Mu muna nan yadda ka sani.

Shiru ya yi yawa. Na san an yi girbin alkama, na san hannu ba ya zama, amma girbi ai ya wuce. Kullum na tashi daga aiki sai na leƙa ɗakin mai gadi ko an ajiye mini wani abu, har ya fara yi mini dariya.

Akwai wata 'yar Fengxiang, can wajenmu, a layinmu na saƙa. An rubuto mata cewa a wani ƙauye kusa da nasu kogo ya rufta wa mutane bayan ruwan sama, sai da aka wuni ana tono. In wani abu ya faru ka gaya mini, kada ku yi mini irin ta mutanenmu, a ɓoye wa na nesa har sai ya dawo ya tarar da kabari. In kuma fushi kake yi da maganar gida, to ka yi fushinka, bakina ya yi kaifi na sani. Amma ka rubuto mini layi ɗaya: Baba yana da rai?

Lanying

*

Baoji, watan bakwai

Yaya Lanying,

Baffa yana da rai, yana lafiya, zabibinki ma ya ɓoye shi a ƙarƙashin matashi yana ci ɗaya-ɗaya. Mu ma lafiya, sai kunnena na hagu da ya gama nasa aikin. Yuzhen ta ce ta huta, yanzu ta san gefen da za ta tsaya in za ta zage ni.

Fushi na yi, ba zan ɓoye miki ba. Na rubuta amsa na yaga, sai Yuzhen ta ce in bari sai na huce. Gidan ki riƙe abinki. Ranar da Baffa ya bar shi ki zuba kaji a ciki in kin ga dama. Wannan maganar ta ƙare a nan.

Kin ce in rage garin. Da ana iyawa da tuni na yi. In garin ya gaza, fallen sama zai faɗa ne a sanyaye, daga waje ki gan su kamar sun kama, a ciki kuwa akwai wurin da yake fanko. A ƙera tanki da shi, a cika shi da tafasasshen ruwan gishiri, wata rana ya buɗe a kan uban wani. Ban san mutumin ba, amma shi ma yana da 'ya. Kin ce in daina. In na ajiye yau, gobe wani zai karɓa, ɗan wata gunduma da bai san akwai tsoho a bayan tudu ba. Ni ko ba komai, kafin a busa jiniya sai na hau keke na je na fito da shi na zaunar a gindin bishiyar ƙofar gida. Na daɗe ina tunanin wannan, Yaya. Hannuna ne ke girgiza masa ɗaki, hannun nan ne kuma ke fito da shi, ban ga yadda zan ajiye ɗaya in riƙe ɗaya ba.

Na tokare rufin da gumagumai. Da na koma washegari na tarar ya rataye barkono a jikinsu, wai ya gode da na yi masa wurin shanya. Yanzu ma fitowar ya fara ƙi. Ranar nan na ce, "Baffa, in rufin ya faɗo fa?" Ya ce, "To ai ga akwati nan kusa, kun huta da ɗauka." Na ce, "Wa zai sa ka a ciki, bayan ku biyun kuna ƙarƙashin ƙasa?" Ya ce, "Ka ji yaro da surutu. Je ka kunna wutarka."

Ga abin da ya hana ni barci. Da kaka za a kawo wani falle da ba mu taɓa haɗa mai faɗinsa ba, garin da zai ci ya ninka na kullum. Lokacin ne kuma ruwan kaka ke jiƙa tudu har ƙasa ta yi laushi. Aikin nan ba ya jira. Da zarar an goge an jera, ranar ake tayarwa, don in raɓa ko ƙura ta shiga tsakaninsu an yi asarar duka. Ba zan iya tsayar da mutane da motoci in tafi lallashin tsoho ba.

Ni ba ɗansa ba ne, ba ni da hurumin taɓa akwatin nan. Ke ce jininsa. Abin da kika ce shi zan yi.

Ƙaninki,
Genbao

*

Shihezi, watan takwas

Ƙanena Genbao,

Na gode da ka amsa. Ka yi wa Yuzhen godiya, ta fi mu hankali mu biyun. Muna lafiya. Kunnen nan ka nuna wa likita, kada ka ce ya riga ya tafi.

Na nemi hutu an hana ni, auduga ta fara shigowa, ba wanda ake saki. Don haka daga nan zan yanke shawara, ina nesa, ban ga tsagar da idona ba, ban ga fuskar Baba ba. Na yi ta juya maganar ina tsaye gaban inji har zare ya tsinke mini ban lura ba. Na san abin da ɗaukar akwatin nan yake nufi a wurinsa. Kamar mun ce masa mun gama da shi ne. Amma na auna, na ga gara uban da yake fushi da ni da uban da za a tono mini da shebur.

Ku ɗauke shi. In an fara bikin haikali a watan tara za a yi wasan waƙa, ka san ko a kan gadon asibiti yake sai ya je. Yuzhen ta raka shi, ta saya masa taliya mai tsami, ta ja shi da hira har yamma. Kai kuma ka nemo maza daga cikin dangi, ban da baƙi. Ku kunna turare tukuna, ku bar jan yadin a kansa, kada ya taɓa ƙasa a hanya. Ku ajiye shi a ƙuryar sabon gidan, kansa ya dubi inda yake duba a da.

In ya tambaya ka ce ni ce. Kada ka ɗauki laifin don ka kare ni, kai ne za ka zauna da shi. In zai zagi wani, ni ya zaga, daga nan ma zan ji.

Yayarka,
Lanying

*

Baoji, ƙarshen watan tara

Yaya Lanying,

Ina gaishe ku duka. Mu lafiya. Baffa ma jikinsa lafiya, ki fara riƙe wannan kafin ki karanta sauran.

Mun yi yadda kika ce. Akwatin ya fi ƙofar faɗi, ashe a ciki kafinta ya haɗa shi, sai da muka cire dogaran ƙofa. Bai taɓa ƙasa ba. Da yamma Baffa ya dawo yana rera abin da ya ji a wurin wasa. Ina tsaye a waje. Ya shiga, waƙar ta tsaya. Ya daɗe yana kallon inda akwatin yake a da, ƙasar wurin ta fi sauran haske. Sai ya ce, "Wa ya ce?" Na ce, "Yaya Lanying." Ya ce, "To." Ya naɗe bargonsa, ya ɗauki tukunyar tabarsa, ya gangara sabon gida da ƙafarsa. Na so ya zage ni, Yaya. Ko sandar ma da ya ɗaga da na ji daɗi.

Babban fallen ya iso bayan an sha ruwa kwana da kwanaki. Da gari ya washe muka goge muka jera, na baje garin da hannuna, na bi shi lungu-lungu ina aunawa. Da aka kunna, ni da nake da kunne ɗaya sai da na ji shi a haƙorana. Ya kama. Masu gwaji sun bi shi da na'urarsu daga wannan gefe zuwa wancan, ba su sami fanko ko na tafin hannu ba. Shugabanni suka yanka alade. Ni ban tsaya ba, keke na hau na nufi tudu.

Kogon yana nan tsaye. 'Yar ƙasar da ta zubo a kan gadon ba za ta cika kwano ba. Na zauna a bakin ƙofar da muka ɓalle na rasa abin da zan ji. Wataƙila baɗi ya faɗi, wataƙila ya fi mu daɗewa ni da ke. Ba wanda zai gaya mana ko daidai muka yi.

Baffa yana cin abinci, yana barci. Amma ba shi ba ne. In Yuzhen ta kai masa kunun gero sai ya karɓa da hannu biyu ya ce ya gode, kamar baƙo. Ya daina yi mini faɗa. Ya ba maƙwabci akuyarsa, ya ba ni fartanyarsa, ya sa an yi masa aski. Wuni yake a zaune kusa da akwatin. Da na gaya masa kogon bai faɗi ba, kai kawai ya gyaɗa.

Jiya ya kira ni ya ce, "Genbao, akwati ya riga ya kama hanya, bai kamata mai shi ya daɗe a baya ba. Ka rubuta wa Lanying. Ɗinka tufafin ƙarshe aikin 'ya ne. Ta aiko su kafin sanyi ya shigo." Na ce, "Haba Baffa, kai da kake cin kwano biyu?" Ya ce, "Ka rubuta dai."

Ga shi na rubuta. Tsoro nake ji, Yaya, fiye da lokacin tsagar. Waccan ina da gungumen da zan tokare ta da shi. Me zan ce masa?

Ƙaninki,
Genbao

*

Shihezi, watan goma

Genbao,

Muna lafiya. Na yi kukana na gama, ba shi zan rubuto maka ba. Ka ɗauki takardar nan ka je ka zauna gabansa, ka karanta masa abin da ke ƙasa da ƙarfi, yadda na rubuta, kada ka gyara mini ko kalma.

Baba, Lanying ce. Ina gaishe ka. Ni na ce a ɗauki akwatin, kuma da gobe za a sake tambayata, abin da zan ce ke nan. Ka yi fushi da ni yadda kake so.

Na ji saƙonka. Gaskiyarka, aikina ne, ba mai ɗinka maka sai ni. Ba za a sayo na kasuwa a sa maka ba kamar wanda bai haifa ba, kai ma ba za ka yarda ka je gaban Inna a haka ba. To amma ni ba na yanka yadi da ka. Sai na zo na auna ka da hannuna, kuma ba zan samu zuwa ba sai Sabuwar Shekara. In na zo na tarar ka rame, ba zan auna ba, don ba zan ɓata yadi mai kyau a kan ƙashi ba, sai ka mayar da jikinka. Bayan nan akwai na ciki, akwai na waje, akwai mai auduga, akwai takalma da hula. Ka san ni da allura tun ina yarinya, Inna ma haƙura ta yi da ni. Ga aikin masaƙa, ga idona ya fara rauni. Zai ɗauke ni shekaru, Baba, kuma ban yi niyyar sauri ba.

Ka je ka karɓo akuyarka.

Genbao, iyakar nasa ke nan. In ka gama ka dubi fuskarsa da kyau, ka rubuto mini ranar. In ya zage ni, ka rubuto zagin duka, kada ka rage komai, ina jiransa. In kuma ya tambaye ka ko na fara, ka gaya masa gaskiya, ko zaren ban saya ba.

Yayarka,
Lanying